Tashar jirgin ƙasa ta Yamai: gini na tsaye, jirgi bai zo ba

Mai shirin zuwa Dosso, kada ya nufi tashar jirgin ƙasa ta Yamai, babu tikitin da ake sayarwa. An buɗe ta a 2014, kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa layin dogo na kusan kilomita 140 har Dosso a 2016, amma jigilar fasinja ba ta kankama ba.

Matsalar a fili take: dogon ya tsaya a Dosso, bai haɗu da na Benin da ya ƙare a Parakou ba, shari'a kuma ta dakatar da aikin. Faɗin dogon mita 1 ne, na sabon layin Kano zuwa Maraɗi kuwa mita 1.435, tarago ɗaya ba zai bi duka biyun ba. Abin da ciwo, ganin rairayi na binne ƙarfen.

Bas ta fi, awa biyu zuwa uku. A sayi tikiti tun ana gobe tafiya.