Flightradar24: Manhajar da ke bayyana jirgin da ya gifta ta kanka

Wanda ya taɓa zama a unguwannin da ke kewaye da filin jirgin sama na Malam Aminu Kano ya saba da rugugin jirage, amma kaɗan ne za su iya faɗin irin jirgin da ya wuce, balle inda ya dosa. Wannan ne ya sa na shafe watanni ina gwada manhajar Flightradar24, wadda wasu 'yan ƙasar Suwidin biyu masu sha'awar jirage suka fara a 2006, kafin a buɗe ta a 2009 domin kowa ya iya tura mata bayanai.

Yawancin jiragen fasinja na zamani suna ɗauke da na'urar ADS-B, wadda ke watsa lambar jirgi, da wurin da yake, da tsayinsa, da saurinsa. Dubban ƙananan na'urori da 'yan sa-kai suka kafa a kan rufin gidajensu ne ke kamo saƙon, manhajar kuma ta zana shi a taswira. Abin da ya fi burge ni shi ne sashen da ke aiki da kyamara. Wata rana bayan la'asar na hangi wani ɗigo yana jan farin zare can ƙololuwa, ko ƙararsa ba a ji. Da na saita masa wayata sai ga suna ya fito a kansa, ashe jirgi ne da ya taso daga Turai ya nufi kudancin Afirka, a tsayin da ya haura ƙafa 35,000. Sai dai fa kamfas ɗin waya ya kasance daidai, in ba haka ba sunan zai faɗa gabas alhali jirgin yana yamma.

Idan hoto ne a hannunka, lambar rajistar da ke jikin jirgi kusa da wutsiya ita ce mabuɗi. Ta Nijeriya tana farawa da 5N, ta Nijar da 5U, ta Saudiyya da HZ, kuma da zarar ka shigar da ita za ka ga samfurin jirgin da hotunansa daga rumbun JetPhotos. Lokacin jigilar alhazai ne na fi cin moriyar wannan, domin a nan na koyi gane Boeing 747 da tozon da ke kansa da injinansa huɗu, har na daina neman taimakon waya a kansa.

Tsarin yana da iyaka wadda ya kamata mai amfani ya sani tun farko. Jiragen soja da dama ba sa bayyana, wasu masu jiragen alfarma kuma suna neman a ɓoye bayanansu, sannan inda na'urorin ƙasa suka yi ƙaranci, kamar tsakiyar Sahara, ana dogaro ne da tauraron ɗan'adam ko ƙiyasi. Saboda haka rashin ganin jirgi a taswira ba hujja ba ce ta yaɗa jita-jita a Facebook cewa an ga baƙon abu.

Sigar kyauta, duk da tallace-tallacenta, tana nuna tarihin tafiyar jirgi na kwana 7, kuma a ganina ta wadaci mai kallo daga tsakar gida. Biyan kuɗin Silver ko Gold sai ga wanda ke bin diddigin tsofaffin tafiye-tafiye.