Bokitin ƙananan kifi mai injin iska: dare ɗaya ya cinye min kifi 60

Wata huɗu ke nan da na sayi bokitin nan mai injin iska, wanda masu fatsa ke zuba ƙananan kifin da za su sa wa ƙugiya don su isa bakin ruwa da ransu. Kun dai san shi, cikinsa kamar kula, da ɗan inji mai cin manyan batir biyu da ake maƙalawa a gefe, da siririn tiyo, da ɗan dutsen da ke fitar da kumfa a ƙasa. Tun washegarin abin da ya same ni na so in yi wannan rubutu, amma da a ranar na rubuta, zagi kawai za ku karanta.

Da fari kam kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Kafin shi tsohon bokitin fenti nake amfani da shi, kowane rabin awa ina kwarfe ruwa ina zuba sabo, amma duk da haka rana na take tsaka rabin kifin sun juya ciki sama. Kuma wanda ke fatsa ya sani, babban kifi motsin ƙaramin ne ke jawo shi, idan ka maƙala masa mushe sai ya shinshina ya wuce. Fita uku na yi da sabon bokitin, wanda ya mutu bai wuce biyu ko uku ba a kowace fita. Ka sa hannu da yamma ka ji kifi na zillo kamar yanzu aka ɗebo shi. Har tallarsa na riƙa yi wa abokai kyauta, mutum biyu sun saya saboda bakina, abin da har yau nake jin nauyinsa.

To sai ga fita ta huɗu. Mun shirya tafiya mai nisa, za mu tashi tun duhun asuba, saboda haka na ce bari in haɗa kifina tun yamma su kwana a bokiti. A jikin kwalin ai an rubuta batir zai kai kusan kwana biyu yana aiki, ni kuwa sau ɗaya na yi wuni da waɗanda ke ciki. Na shafe awa uku a bakin ruwa da 'yar koma, sauro na cizo, har na tara 60 cif, daidai girman da nake so, kowanne kamar yatsa. Na dawo gida na ajiye bokitin a baranda, zan maƙala injin a gefe sai ɗan maƙalin roba ya ɓalle a hannuna. Ko ƙarfi ban sa ba, ƙas, ya rabu biyu. Na ce ba komai, na ajiye injin a ƙasa kusa da bokitin, na tsaya na ga kumfa na tashi, na je na kwanta.

Ƙarfe huɗu na fito da tocila, abin da na fara takawa ruwa ne. Shiru, babu ƙugin inji. Na buɗe murfi, wani wari ya buge ni. Ruwan da ya rage a ciki bai kai rabi ba, ya yi fari-fari da kumfa mai yauƙi a sama, kifi sun yi jere ciki sama, bakuna a buɗe. Na riƙa tsamo su ɗaya bayan ɗaya ina dubawa ko akwai mai sauran numfashi, huɗu na samu suna ɗan motsi, su ma ba su kai fitowar rana ba. Da na ɗaga injin sai ruwa ya tsiyayo daga cikinsa, gidan batir ya cika taf. Na jima a tsugune kafin in gane abin da ya faru. Batir ya yi sanyi cikin dare, inji ya tsaya, kuma tunda yana ƙasa da ruwan bokitin, sai ruwa ya biyo tiyo ya gangaro kamar yadda ake zuƙo mai daga tanki, ya shiga injin ya malale a ƙasa. Kifi sun rasa iska, sun rasa ruwa, inji ya sha ya mutu. Abokan tafiya na ƙofar gida suna ta oda, ni ina tsaye da bokitin mushe. Ranar da tana na yi fatsa, na dawo hannu rabbana, wanda ke kusa da ni da kifinsa masu rai ya ciro manya uku ina kallo.

A can bakin ruwa na riƙa zazzaga wa wani dattijo da muke haɗuwa da shi ƙorafi, ya bar ni sai da na gaji sannan ya tambaye ni lita nawa bokitin ke ci. Na ce 10. Kifi nawa na zuba? Na faɗa masa. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Yaro, ko injin bai mutu ba ai kasuwa ka ci a cikin akurki." Ya sake tambaya ko na ƙara ruwa, na ce eh Baba, na cika shi da na famfo saboda ruwan ya ragu. Na ba su abinci? Nan na yi shiru, don kuwa na watsa musu ɗan gari, wai don su kwana da ƙarfinsu.

Laifi tudu ne. Da na koma gida na zauna na karanta, na ga duk abin da dattijon ya faɗa haka yake. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin kamar mai sanyi: a digiri 10 lita ɗaya na iya ɗaukar kimanin miligiram 11, a digiri 20 ya sauko wajen 9, a digiri 30 kuwa bakwai da rabi ne. Ga shi kuma zafi na sa jikin kifi ya ƙara aiki, buƙatarsa ta iska ta ƙaru a daidai lokacin da iskar ta ragu, daren nan kuwa zafi ake yi sosai. Ruwan famfo yana da kulorin da ke ƙona wurin da kifi ke numfashi da shi. Kulorin zalla idan aka bar ruwa a buɗe ya kwana yana fita, amma inda ake haɗa shi da sinadarin amoniya ko ya kwana yana nan, sai an ɗiga maganin da ke kashe shi. Abincin da na ba su kuma ya ƙara musu ƙazanta, don kifi amoniya yake fitarwa cikin ruwan da yake zaune, kuma kumfa ba ta cire amoniya, sauya ruwa ne ke rage ta. Ƙaramin kifi zai yi kwanaki bai ci ba lafiya lau. Ni ne dai na shirya musu mutuwa, inji ya zo ya ƙarasa.

Na sayi wani injin irinsa, na gyara hali. Yanzu ba na wuce 20 zuwa 25 idan za su kwana. Ruwan inda na kamo su nake zuba musu, in zo da ƙari a jarka, kafin in kwanta in kwashe kashi ɗaya cikin uku in mayar da sabo a hankali. Idan ana zafi robar ruwa nake daskararwa in jefa ta a rufe, ba na zuba ƙanƙara tsirara, don ita ma daga famfo take, kuma sanyin da ya sauka farat ɗaya yana sumar da su. Wanda ya mutu a take nake cire shi. Na daina kamo su da hannu, sai da 'yar raga, saboda santsin jikinsu kariya ce gare su, balle hannun da ya sha man sauro. Da wannan tsari sau biyu na kwana da kifi, ɗaya tak na rasa. Bokitin kansa, gaskiya, yana riƙe sanyi, kuma da yake zagayayye ne kifi ba sa cusa kai a lungu suna goge baki.

Har na fara cewa na yafe wa masu ƙera bokitin, sai kwanan baya maƙalin sabon injin shi ma ya tsage a daidai wurin da na farko ya ɓalle, nan duk haushin ya dawo min sabo. Na yarda na cika bokiti, na yarda na zuba ruwan famfo. Amma wa ya hana su sa ɗan bawul ɗin nan da ke barin iska ta wuce ya tare ruwa? Abu ne da bai kai kan yatsa ba, masu kiwon kifin ado duk sun san shi, ni sai da na yi asara na je na nemo na sa da kaina. Takardar da ke cikin kwalin ko layi ɗaya babu da ke cewa kada a ajiye inji ƙasa da ruwa. Babu wata 'yar fitila da za ta nuna batir ya kusa ƙarewa, sai dai ka kasa kunne ka ji ƙugin ya sauya, mai barci kuwa ina zai ji? Awoyin da suka rubuta kuma na gwada da sababbin batir da agogo a hannu, kumfar kirki ba ta kai rabin abin da suka ce ba, sauran lokacin ɗan tsiyaye ne da ba zai rayar da komai ba. Dutsen kumfar ma ya toshe cikin wata biyu, sai da na sauya.

Na tura wa masu sayarwar hoton injin da ya sha ruwa da na maƙalan biyu. Amsar da na samu ita ce garantinsu bai shafi lalacewar da ruwa ya jawo ba. Injin da aka ƙera don ya rayu a jikin bokitin ruwa, a cikin kwalekwale! Na sake rubuta musu cewa to maƙalin fa, shi ma ruwa ne ya karya shi? Yau kwana 12 ba su ce uffan ba. Injin yanzu da igiyar roba nake ɗaure shi a hannun bokitin, sama da murfi, kuma duk daren da kifi za su kwana sai na sa agogo ya tashe ni ƙarfe ɗaya in leƙa baranda.