Na ƙara wa Hilux ɗina sifirin: aiki ya yi kyau a ido, maganar ton biyu ce ƙarya

Duk mai niyyar kai a-kori-kurarsa a ƙara mata sifirin don ta riƙa ɗaukar lodi, ya ɗan dakata ya ji nawa tukunna. Ni na yi, a wajen wani mai sifirin da ake ta zuzutawa a garin nan, ba zan kama suna ba, masu mota sun san layin. Har yau in aka tambaye ni ya aikinsa yake sai in ce hannunsa da ɗan dama-dama, bakinsa ne abin tsoro.

Motar Hilux ce dabul kabin, irin ƙirar 2005 zuwa 2015 ɗin nan da ake ce wa Vigo, mai shan fetur, inji 2.7. Taki nake kai wa gona da ita wajen Tudun Wada, da kaka kuma a kwaso masara. Abin da ya dame ni da ita shi ne da an jera mata buhuna sai bayanta ya zauna, fitila ta koma haska sama, in aka faɗa rami ka ji ƙum, aksil, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya, ya daki robar nan ta ƙarƙashi. Da na kai masa ya leƙa ya ce Alhaji ai wannan ba komai ba ne, falle bibbiyu na ƙarfen sifirin zan ƙara maka kowane gefe, ka zuba mata ton biyu ka tafi Legas, in ta russuna ka dawo in biya ka kuɗinka. Haka ya faɗa, a gaban direbana da yaransa. Kuɗin aikin kuma kun san yadda ƙarfe ya koma yanzu, ba sai na faɗa ba, ban nemi ragi sosai ba saboda yadda ya cika baki.

Gaskiya ranar da na karɓo ta na ji daɗi. Ta ɗaga, ta miƙe, fallayen sun hau daidai ba wanda ya leƙo gefe, ya wanke ya shafa giris, bai ɓata min lokaci ba kuma bai ɓatar min da ko noti ɗaya ba, wanda a garejin Kano wannan kaɗai abin a yaba ne. In ba kaya a baya tana tsalle, mutanen kujerar baya suna ji a ƙugunsu, uwargida ma ta ce ita ta daina shiga, amma na ce ai motar aiki ce.

To ranar da abin ya faru taki ne buhu 30, kowanne kilo 50, direba da yara biyu a ciki, ni ina biye da su a ƙaramar mota. Da aka gama lodi mota ko gezau, bayanta a tsaye kamar ba komai a kai, har 'yan dakon suna cewa wannan ai a ƙara mata goma. Mun wuce Kwanar Dangora mun ɗauki hanyar Tudun Wada sai ga shanu sun ratso titi, kuma ba wani gudu yake yi ba, daga nesa ya hango su. Na ga fitilar birki ta kama, amma motar tafiya kawai take yi, tana wani lilo, gaba na neman ƙwacewa. Da ƙyar ya kauce ya sauka gefen kwalta, tayar baya ta dama ta daki bakin titi ta yi bindiga. Allah Ya kiyaye ba a taɓa saniya ko ɗaya ba, ba wanda ya ji rauni, amma yaron Fulanin nan da ke gaban garken tsakaninsa da bamba bai fi taku uku ba, har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi. Direba ya fito jikinsa na rawa yana cewa wallahi Alhaji na taka har ƙasa, kuma sitiyarin ba nauyi sam, kamar tayoyin gaba ba sa taɓa ƙasa. Na taɓa wilin gaba, zafi kamar me, ƙaurin birki ya cika wajen. Jak ɗin motar ma ya ƙi ɗaga ta sai da muka sauke rabin takin a bakin hanya, ga hadari ya haɗo, taki kuma ba ya shiri da ruwa. Wani mai Canter muka tare ya kwashe ragowar, kuɗinsa daban.

Na kira mai sifirin a nan take. Kun san me ya tambaye ni? Wai Alhaji sifirin ya karye ne? Na ce a'a. Ya ce to ai ka gani, aikina bai ba da kunya ba, taya da birki kuma ba layina ba ne. Wannan maganar ta fi fashewar tayar ƙona min rai.

Bayan an canza taya bakanikena ya ce mu je a auna ta, mu daina kirdado. Akwai wani kamfanin casar shinkafa da ke da sikelin da tirela ke hawa, ɗan abin da ake biya bai taka kara ya karya ba, manyan 'yan gwangwan ma wasunsu na da irinsa. Dattijon da ke kula da sikelin shi ya fara nuna min farantin da kamfani ke mannawa a jikin mota, wasu a ginshiƙin ƙofa yake, wasu sai an buɗe bonet. Lambar sama ita ce iyakar nauyin motar gaba ɗaya, ita da duk abin da ke cikinta da kanta, tawa 2,780 aka rubuta. Akwai na aksil ɗin gaba daban, na baya daban, na bayan 1,600. Ya ce ɗana lissafin ba wuya, hau sikeli ba kaya, abin da ya nuna ka cire daga na farantin, ragowar shi ne naka.

Muka hau da tanki cike, ba kowa a ciki, ya nuna 2,040. Kenan 740 ya rage. Kuma wannan 740 ɗin ba na bodi kaɗai ba ne, a ciki direba yake, a ciki yaran mota suke. Cire su ukun, a ce kilo 200, saura 540. Buhun taki ko siminti 10 kenan, masara ta buhun kilo 100 kuwa 5, duro na ruwa mai lita 200 biyu da ɗan canji. Mu kuma 30 muka ɗora. Haɗa 1,500 da mutane da motar kanta ya kama 3,740, kusan ton guda cur a kan abin da aka ƙera ta ta ɗauka. Ton biyun da ya yi min alkawari kuwa ko ƙaramar Canter sai ta san ta ɗauki kaya.

Abin haushin ma, duk wani ƙarfe da ka ƙara wa mota daga rabonka ake cirewa. Ƙaton bamba na gaba da kowa ke so, kejin da mai walda ya yi min a baya, akwatin sifana, taya ta biyu ta safaya, har fallayen da shi mai sifirin ya ƙara, duk sun hau sikeli. Wato na biya kuɗi an rage min lodin da ya halatta in ɗauka, ba a ƙara ba. Shi ya sa lambar da ake gani a intanet, wai Hilux na ɗaukar kusan ton ɗaya, ba za ta yi maka aiki ba sai ka auna taka, don waccan ta mota ce tsirara yadda ta fito daga kamfani, kuma singil kabin da dabul kabin ba ɗaya ba ne. Masu Tacoma da Tundra da F-150 na Amurka su an sauƙaƙa musu, akwai sitika a bakin ƙofar direba da ta faɗi jimlar nauyin mutane da kaya kai tsaye, sai dai a lura lamba biyu ce, ta kilo da ta fam, fam kuwa bai kai rabin kilo ba, kar dillali ya nuna maka babbar ya ce kilo ne.

Sai maganar taya. Bayan lambar girman taya akwai wata lamba mai harafi a gefe, ita ke faɗin abin da taya ɗaya za ta ɗauka in iska ta cika: 104 kilo 900 ne, 110 kilo 1,060, 112 kuma 1,120. Nawa na baya 104 ne, biyun 1,800. A dabul kabin kuwa bodin a kan aksil ɗin baya yake zaune, wani sashe ma ya zarce shi, don haka kusan duk takin nan a kan tayoyi biyun nan ya sauka har yana ɗaga gaba, ga nauyin bayan motar kanta. Sun haura ton biyu ba ko tantama. Dalilin da sitiyari ya yi sako-sako kenan. Mutumin nan ya kwanta a ƙarƙashin motar wuni guda, tayoyin na gaban hancinsa, bai ce uffan ba.

Ni da farko niyyata in rubuta cewa aiki lafiya lau, surutu ne kawai ya yi masa yawa. Amma da bakanike ya shiga ƙarƙashi sai ga wasu abubuwan. Irin tawa da ba ta da ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, akwai wani ɗan bawul a baya mai sandar ƙarfe da ke haɗe da aksil, aikinsa in mota ta zauna saboda kaya sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi, in ba kaya ya rage don kar tayoyin baya su riƙa kullewa. To shi mai sifirin ya ɗaga bayan ya ƙara masa tauri, bai taɓa saitin sandar ba. Mota na ɗauke da buhu 30, bawul na ganin wayam take, aiki duk ya koma kan birkin gaba. Wannan fa layinsa ne, duk mai taɓa sifirin ya kamata ya sani. Sannan yubol, ƙarafunan nan masu siffar U da ke ɗaure sifirin da aksil, tsofaffin ya mayar, kauri ya ƙaru amma tsawonsu na nan yadda yake, notin ɗaya zare kaɗan ya kama, kuma a lissafin da ya ba ni wallahi akwai kuɗin sababbi. A nan ne na janye yabon da na yi wa hannun nasa, rabi dai.

Na koma wajensa da takardar sikelin. Bai ko karɓa ba, ya ce Alhaji Bature ne ya rubuta wannan don titinsu, mu nan kowa haka yake lodi, je ka Dawanau ka gani. Eh na sani, ina ganin su, ina kuma ganin waɗanda shasinsu ya lanƙwashe tsakanin kai da bodi an yi musu faci da walda, da waɗanda boris ya ci wuta a hanya. Titin namu ma ai shi ya fi ramuka, kamata ya yi mu rage ba mu ƙara ba. Yubol dai ya canza bayan mun yi ta sa-in-sa, saitin bawul kuwa wani na biya ya yi. Maganar in dawo a biya ni kuɗina ta bi ruwa, wai ai ba ta russuna ba, kuma da gaskiyarsa a nan, ba ta russuna ba, shi ne ma ya cuce mu, don da can zaman da bayanta ke yi shi ke sa direba ya ce wa 'yan dako ya isa.

Na cire falle ɗaiɗai na bar ɗaiɗai, tsallen ya ragu, na sa tayoyi masu 112. In lodinka kullum a cikin ƙa'ida yake kana so ne kawai bayan ya daina zama, ƙarin falle ɗaya ba laifi, kuma shi ɗin ya iya jerawa, amma ka tsaya a kansa, ka sayo yubol ɗinka da kanka, ka tafi da bakanikenka ya duba birki. Ni dai ba zan sake kai masa ba, ƙanina ma da yake shirin kai tasa na hana shi. Taki yanzu buhu 10 take ɗauka, in ya fi haka sawu biyu ko a kira Canter, kuma na rubuta lambar da fenti a cikin bodi saboda direba, don na san halinsu da 'yan dako in ba na wajen.