Manhajar kanka ko aikin gayya: wanne ya dace da wata shidan nan?

Ɗan'uwa, ka ce ka ajiye aiki, abin da ka tara zai riƙe ka kamar wata shida, kana tambaya ko ka zauna ka gina manhajar kanka, ko kuwa ka sa hannu a buɗaɗɗun manhajojin nan da kowa ke iya dubawa ya gyara a GitHub, shafin da masu gina manhaja ke ajiye ayyukansu. Na taɓa yin irin wannan zaman, na kuma taɓa duka biyun.

Manhajar kanka gayauna ce. Kai ne da shuka, kai ne da noma, kai ne kuma mai kai amfanin kasuwa. A ofis wani ke zana fuskar manhaja, wani ke kula da sabar (kwamfutar da ke ɗauke da manhajar a intanet), wani ke amsa kukan masu amfani da ita. A nan duk suna wuyanka, kuma abin da za ka koya a wata biyu ya fi na shekara guda a kujera ɗaya. Kuɗin shiga ma ba su da yawa. Google na karɓar dala 25 sau ɗaya kafin ka sa manhaja a Play Store, sai dai sabon asusun mutum ɗaya dole ya samo mutum 12 su gwada ta kwana 14 a jere kafin a bari ta fita. Apple na karɓar dala 99 duk shekara. Idan shafin intanet ne mai sauƙi, GitHub Pages zai ɗauke shi kyauta.

Matsalar gayauna ita ce ba wanda ke jiran ka. Ni wata uku na yi ina gina manhajar rubuta bashi domin masu shaguna. Sau biyu ina rushe ta in sake, kullum ina ce wa kaina saura kaɗan. Ran da na kai wa wani mai shago a unguwarmu, ya danna ya danna, ya miƙo mini wayar ya ce littafinsa ya fi sauri. Gaskiya ya faɗa. Da na je wurinsa tun makon farko, da na tsira da wata biyu da kuɗin data da man janareta. Za ka ji ana ba da labarin Eric Barone da ya gina wasan Stardew Valley shi kaɗai ya fitar a 2016, amma sama da shekara huɗu ya ɗauka, yana kuma ɗan aiki a gefe. Kai wata shida gare ka. Wanda ya fi kusa da halinka shi ne Pieter Levels, ɗan ƙasar Holan, da ya ɗaura wa kansa a 2014 fitar da abu 12 cikin wata 12. Yawancinsu ba su je ko'ina ba, Nomad List, shafin masu aiki daga nesa suna yawon duniya, ita ce ta kama. Wa'adin ne ya tilasta masa fitarwa ko da abin bai gama kyau ba.

Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa gayya ce. Gonar ba taka ba ce, amma kana noma kusa da waɗanda suka fi ka iya riƙe fartanya. Ka tura gyara, wani gwani ya karanta layi-layi ya nuna maka inda ka karkace, abin da a wasu ofisoshin ma ba ka samu. Nemi ayyukan da aka yi wa alamar "good first issue", wato gyaran da ya dace da sabon shiga, ka fara da su. Haƙuri dai take ci: kana iya kwashe mako biyu kana fahimtar aikin kafin ka taɓa layi ɗaya, gyaran naka kuma ya yi makonni ba a waiwaye shi ba. Kuɗi babu, in ban da shirye-shiryen da ke biyan sababbin shiga, irin Google Summer of Code, wanda tun 2022 ba sai ɗalibi ba, da Outreachy mai biyan dala 7,000 na wata uku. Masu nema suna da yawa, kada ka gina lissafin cefanenka a kansu.

Inda suka rabu sosai shi ne ranar intabiyu, idan aka ce me ka yi tun da ka bar aiki. Gyaran da aka karɓa a aikin da aka sani shaida ce mai sa hannun wasu, kowa zai iya buɗewa ya gani. Manhajar da mutane ke amfani da ita ta fi wannan nauyi, ko mutum hamsin ne. Wadda ba ta taɓa fita daga kwamfutarka ba kuwa ba ta da bakin da za ta yi maka magana.

Saboda haka in niyyarka komawa aiki ce, gayya nake ba ka shawara ka ba mafi yawan lokacinka. Manhajar kanka ka yanka mata mako shida, ta yi abu ɗaya tak, ta zama ta intanet don kada jiran Play Store ya cinye maka kwanaki. Kafin ka rubuta layin farko, ka rubuta sunayen mutum biyar da za su yi amfani da ita, ka je ka zauna da su. Takardun neman aiki kuma ka fara tura su a wata na huɗu, domin ɗaukar ma'aikaci kan ja lokaci, kuɗin haya kuma ba zai jira a kira ka ba.