MBA: wacce za ka saya, kuma su waye ke jiran kuɗinka a hanya

Tun da na gama MBA ɗina, wato digiri na biyu a harkar gudanar da kasuwanci, ba a yin wata guda wani ƙani ko abokin aiki bai tare ni da tambayar nan ba, wai Yaya wacce makaranta ce ta fi, in fita waje ne ko in yi a gida. Ni kuma sai in ce masa to me kake so takardar ta yi maka? Wallahi yawanci a nan ake tsayawa, sai kame-kame, wani ya ce ai kowa a ofishinmu ya yi, wani ya ce yana so ya ci gaba ne. Ci gaba zuwa ina? Ba raini nake musu ba fa, ni ma haka nake a da, kuma sai da na yi asarar kuɗi masu ciwo kafin na gane wannan tambayar ita ce asalin cinikin, sunan makaranta daga baya ne.

Abin da ya faru da ni shi ne, lokacin ina kula da harkar sarin kayan masarufi ta gidanmu a kasuwar Singa, sai zuciya ta ɗebe ni wai sai na yi karatu a Turai. Aka haɗa ni da wani ejan, na biya shi, ya rubuta min bayanin kaina tsaf da Turanci mai santsi, a ciki wai burina tun ina yaro shi ne in kafa kamfanin da zai kai wa matan karkara banki ta waya. Ni da ban taɓa zama da matan karkara a kan maganar kuɗi ba! Na karanta na ji daɗi, har na fara yarda ni ɗin ne. Ranar intabiyu ta bidiyo wata tsohuwar ɗalibar makarantar ta ce min wane ƙauye ka je, me matan suka ce maka? Na yi ta zagaye-zagaye. Sai ta tausaya min ta sauya tambaya, ta ce to ba ni labarin wani kuskure da ka yi da yaran da ke aiki a ƙarƙashinka. Ina da irin wannan labarin fiye da goma, amma babu ko ɗaya a takardar da ejan ya rubuta, sai na rasa wanne mutum zan zama, na takarda ko na shago. Kayan aro dai ba ya rufe katara. Ba su ɗauke ni ba, kuɗin fom da na ejan da na jarrabawar Turanci duk sun bi ruwa.

Daga baya na lura manyan makarantun nan ba su ɓoye abin da suke nema ba. Stanford ta shekara da shekaru tana tambaya ɗaya, mene ne ya fi komai muhimmanci a wurinka kuma me ya sa. INSEAD tana cewa ka faɗi gaskiyar halinka, inda kake da ƙarfi da inda kake da rauni. Maki na GMAT, jarrabawar neman shiga irin waɗannan makarantun, wanda sabon tsarinsa ke tashi daga 205 zuwa 805, ƙofa kawai yake buɗe maka, wanda zai shiga ɗakin kuma kai ne.

To bari mu zo kan kaya. Ta Amurka irin su Harvard shekara 2 ce cur ba aiki, kuma kuɗin makaranta da na zama ya haura dala dubu 100 a shekara, ka buga shi da canjin da ya wuce naira 1,500 a 2024 ka ga ko gonar gadonku za ta biya. Ta dace da mai son sauya sana'a gaba ɗaya, injiniya da ke son komawa harkar zuba jari misali, in ba haka ba kallon kitse kake wa rogo. INSEAD wata 10 ce a Faransa ko Singafo, gudu ake kamar an biyo ka. Ingila shekara ɗaya a Oxford ko Cambridge, akwai tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya amma yana da iyaka a kan kuɗin MBA, ragowar kai za ka cika, sai kana da aikin shekara 2, kuma za ka dawo gida ka zauna shekara 2 bayan ka gama. Sannan tun Janairun 2024 mai irin wannan karatun ba ya tafiya da iyali, mai mata da 'ya'ya ya yi wannan lissafin da uwargida tun kafin ya cike fom. Lagos Business School da ke Ajah, wadda aka kafa a 1991, tana da kyau ba musu, amma rabin abin da kake biya mutanen manyan kamfanonin Legas ne da za ka sani, in harkarka ba ta bi ta can ba ka sayi babbar riga ne don zuwa gona. Ta intanet kuwa, irin ta NOUN ko ta karatu daga nesa ta ABU, ga wanda aka tura aiki wani lungu ba laifi, amma ni na san kaina, in ba malami a gabana barci zan yi.

Wadda nake so, kuma ba zan ɓoye ba, ita ce wadda ake yi ana aiki, a jami'o'inmu na tarayya, irin ABU Zariya ko makarantar kasuwanci ta Ɗangote da ke BUK wadda aka buɗe gininta a 2018. Irinta na yi. Dalilina shi ne abin da aka koya maka ranar Asabar za ka gwada shi ranar Litinin da kuɗinka na gaske. Ranar da aka yi mana darasin bambancin riba da kuɗin da ke hannu, na koma na buɗe littafin bashinmu na ga ashe ribar da muke murna da ita tana zaune a aljihun kwastomomi, wasu wata 4 ba su biya ba, mu kuma muna karɓar kaya daga kamfani da kuɗi hannu. Na fara ƙirga kwana nawa katan ɗin kowane kaya yake yi a sito kafin ya fita, na gano akwai kayan da muke ajiyewa don sabo kawai. Raba kuɗin shago da kuɗin cefane ma sai da aka yi ƙaramin yaƙi a gida, Baba ya ce boko ya ɓata ni, yanzu shi ke tambayar rahoton wata. Ga 'yan aji, ma'aikatan banki, 'yan Kantin Kwari, ma'aikatan gwamnati, likita ma akwai, mutanen da gobe za ka kira su ɗauka. A ajin ne ma na gane ni ba mai kafa sabon abu ba ne, mai gyara wanda ake da shi ne, kuma babu abin kunya a ciki. Tana da nata ciwon, yajin aikin ASUU na 2022 wata 8 ya ci, kuma za ka haɗu da darasin da ya kwana biyu ba a sabunta ba. Amma daidai ruwa daidai tsaki.

Abu biyu ka sani tukuna. Mai HND yawanci sai ya bi ta PGD, wato difloma ta bayan digiri, kafin MBA. Kuma in burinka koyarwa ne ko digirin digirgir, jami'o'i da yawa MSc suke nema ba MBA ba, ka tambayi sashen da bakinka.

Yanzu 'yan damfara, don Allah a nan ku buɗe kunne. A Disambar 2023 ɗan jaridar Daily Nigerian Umar Audu ya fallasa yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako 6, har ya shiga NYSC da shi, a Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo. Masu wannan sana'ar ba su mutu ba, suna kawai suka sauya. Duk wanda ya ce maka MBA cikin wata 3 ba jarrabawa, gudu. Duk taron kwana 3 a otal da za a saka maka hula da riga a ɗauki hoto a ba ka satifiket mai tambarin zinare, kuɗin hoto ka biya. Hukumar kula da jami'o'i ta NUC tana fitar da jerin jami'o'in bogi, ka duba. In ta waje ce ta ce tana da amincewar masu tantance makarantun kasuwanci irin AACSB ko AMBA ko EQUIS, ka shiga shafin su waɗannan hukumomin ka nemi sunanta da kanka, don akwai masu ƙirƙiro hukumar tantancewa ta ƙarya mai suna kusan iri ɗaya su tantance kansu. Jami'ar tarayya ta Remita ake biyanta, wanda ya turo maka lambar asusunsa wai zai sama maka gurbi ɓarawo ne ko da a cikin makarantar ka gan shi da katin aiki a wuya. Akwai masu cewa za su zauna maka GMAT, in aka kama soke makin ake yi a hana ka sake zama. Akwai masu rubuta maka wasiƙar shaida da sunan wani oga da bai san ka ba, alhali makarantu da yawa suna bin diddigi bayan sun ɗauke ka, su kira wurin aikin su tambaya. Sabon yayi kuma shi ne ejan ya karɓi kuɗinka ya je ChatGPT ya rubuto masa, ya sayar wa mutum 10 buri iri ɗaya, kowa zai ceto matan karkara.

Nawa ejan har yanzu yana nan yana saka hotunan biza a WhatsApp. Kwanaki ma ya turo min saƙo wai Alhaji akwai rangwame in ina da ƙanin da ke son fita.