Kulle ko shinge: wanne ya dace da teburin shafuka?

Ɗan'uwa na Jami'ar Sarki Fahd da ke Zahran, ka ce manhajar da ka rubuta tana tafiya lafiya a kwamfutar Intel, amma kana ɗora ta a allo mai furosesan ARM sai ta riƙa karanto shara, kana tambaya ko kulle za ka sa ko shingen memori.

Aikinsu ba ɗaya ba ne. Kulle, irin spinlock, abu biyu yake ba ka: ba mai shiga sai na ciki ya fito, kuma duk abin da na farko ya rubuta, na biyu zai tarar da shi. Tsadarsa jira ce, ga furosesoshi suna ta fizgar layin memori guda a tsakaninsu. Shi kuwa shinge ba ya tare kowa. Iyakarsa ya ce wannan rubutun ya bayyana kafin wancan.

Dubi yadda Linux ke kafa sabon teburin shafuka, wato teburin da ke nuna wa furosesa inda kowane shafi (yanki) na memori yake. Sai ya cika shafin da sifili, ya kira smp_wmb(), wato shingen rubutu, sannan ya rubuta adireshinsa a tebur na sama. Kamar mai masaukin alhazai a Makka ne, ba ya miƙa makulli sai an share ɗakin. In ka cire shingen, wani furosesa zai iya ganin adireshin kafin sifilin ya iso masa, ya bi tsohon tarkace. A x86, tsarin furosesan Intel, rubutu ba ya tsallake rubutu, shi ya sa a can smp_wmb() kompaila, mai fassara manhaja zuwa umarnin na'ura, kaɗai yake tsawatarwa. A arm64, tsarin ARM, umarni ne na gaske, dmb ishst. Kuskuren yana nan tun farko, Intel ce ta rufa maka asiri.

Kuma shinge ba ya aiki shi kaɗai. Mai karatu ma sai ya kiyaye, ya ɗauko adireshin da READ_ONCE(). Sannan ba ruwan shinge da wanda zai saki shafin kana tsakar karantawa. Wannan aikin RCU ne, dabarar jinkirta sakin memori har masu karatu su gama, wadda ta shiga Linux a 2002.

Ni dai shawarata, masu rubutu su riƙe kulle a tsakaninsu, kamar yadda Linux ɗin ma yake yi. Masu karatu kaɗai za ka 'yanta, shi ma sai ka auna ka ga kullen ne ke cin lokaci. In za ka yi, ɗauki smp_store_release() da smp_load_acquire(), rubutu da karatu masu shinge a cikinsu, sun fi sauƙin bi, kuma ka gwada a allon ARM ɗin nan naka.