Mai kwanukan kasuwar Wadata da kofunan da suka liƙe mini cikin azumi

Ana saura kwana 3 a kama azumi na shiga kasuwar Wadata ta Yamai neman kofunan gilashi. Gidanmu a Bukoki yake, kuma gidan yawa ne. In an kira magariba mutum 11 ke zama kan tabarma, ban da baƙin maigida da ke sauka daga Tawa. Kofunan roba sun gundure ni, don komai wankin da aka yi musu, ƙanshin zoɓon jiya yana nan cikin kunun tsamiyar yau.

Shagon na wani dattijo ne, ɗan ƙarami, an cika shi har rufi da langa, samira, kwanukan silba, farantai da finjalan shayi. Mutum biyu ba sa iya gilmawa a ciki sai ɗaya ya karkata. Ya fito mini da iri biyu. Na farko dogaye ne marasa kauri, baki buɗe, gindi tsuke, dozin jika 3. Na biyu gajeru masu kauri, Duralex na Faransa, masu ɗan tudu a jiki inda na sama ke zama in an ɗora su, guda 6 jika 5. Ya ce, "Hajiya, dogayen sun fi sauƙin kuɗi, amma in aka zuba su cikin juna da ɗumi ko da danshi, kamawa suke yi." Na ji shi sarai, sai dai cefanen azumi na gabana, na ɗauki dozin biyu na dogayen.

A dare na 5 yarinyata ta wanke su da ruwan ɗumi saboda maiƙon ƙosai, ta jera su cikin juna ba ta tsane su ba. Da asuba muka tarar da guda 8 sun liƙe biyu-biyu, kamar an sa musu danƙo. Ƙanen maigida ya sa bakin wuƙa tsakanin biyu ya murɗa. Na wajen ya tsage, ya yanke shi a tafin hannu, sai da aka kai shi aka ɗaure. Ganin jinin nan kan tabarmar sahur ya tayar mini da hankali ƙwarai.

Da hantsi na naɗe sauran 6 cikin zane na koma Wadata, raina a ɓace. Abin da ya sa nake rubuta wannan shi ne yadda dattijon nan ya karɓe ni. Bai ce "ai na faɗa miki" ba. Ya fara da jajanta raunin yaron, ya ba ni kujera, sannan ya aiki yaronsa ya samo ruwan zafi da ƙanƙarar dala 10. Ya zuba ruwan zafin a ƙaramar roba, ya sirka shi da na sanyi, ya tsoma hannunsa ya ji zai iya jurewa. Ya tsayar da kofin waje cikin ruwan har rabinsa, ya cika na ciki da ƙanƙara da ruwa kaɗan. Muka zauna shiru kamar minti 2. Ya rufe hannunsa da tsumma, ya ɗan juya na saman a hankali, ba ja ba, juyawa, sai ga shi ya fito sumul. Biyu daga ciki suka yi gardama, ya ɗiga musu man gyaɗa a zagayen bakin, ya bari ya gangara, ya sake tsomawa, su ma suka rabu.

Ya yi mini bayani da ban taɓa ji ba, duk shekarun da na yi ina wanke-wanke. Gilashi yana ɗan buɗewa in ya ji zafi, yana tsukewa in ya huce, ko da ido ba ya gani. In an zura kofi cikin wani mai ɗumi, yana nutsewa fiye da ƙima, da na wajen ya huce sai ya matse shi. Ruwan da ya rage a jiki kuma ya toshe hanyar iska, iskar da ke ƙasa ta huce ta riƙe na cikin. Shi ya sa ake ɗumama na waje a sanyaya na ciki. Ya ja mini kunne sau biyu kan tafasasshen ruwa: gilashi ba ya ɗaukar zafi da sanyi masu tsanani lokaci guda, fashewa yake yi. Ya ce kwanukan silba ma haka ake musu, kuma sun fi saurin saki, don ƙarfe ya fi gilashi buɗewa da zafi. Na gwada a gida kan kwanoni biyu da suka yi wata suna manne a bayan kabad, ko minti ɗaya ba su yi ba.

Ba zan ce komai na shagon ya gamsar da ni ba. Alhaji ba ya rage kuɗi sosai, na yi ciniki har na gaji dala 40 kawai ya cire. Kofin da ya fashe bai musanya mini ba, kuma a tsohuwar jarida yake naɗe kaya, wanda ba ya isa in za ki hau ɗan kabu-kabu da su. Ki zo da kwandonki da zane. Dogayen kofunan nan kuwa ba na ba kowa shawarar saye in gida akwai yara masu wanke-wanke.

Amma zan koma wurinsa, kuma na riga na tura matan unguwarmu uku. Mai sayarwa da zai faɗa miki aibin kayansa kafin ki biya, ya kuma ɓata lokacinsa da ƙanƙararsa cikin zafin azumi kan cinikin jika 6 da aka gama, ban cika samun irinsa a Yamai ba. A ranar na sayi masu tudun guda 6, su muke sha da su yanzu. Dogayen na kife su ɗai-ɗai kan tire, sai an yi baƙi ake fito da su.